Yaushe Nwoye Ya Bar Gidan Ubansa?

Mutanen Dutse da Kiyawa, na Jahun da Birnin Kudu, da direbobin da suka karyo kwanar Huguma yanzu da rediyo a kunne, duk ina gaishe ku.

A shekarun da na yi ina koyar da adabi a wata makarantar kwana ta maza a wannan yanki namu, littafin da na fi jin daɗin karantarwa shi ne na Chinua Achebe mai suna Things Fall Apart, wanda in za a faɗa da Hausa sai a ce al'amura sun wargaje. Wata rana muka zo wurin da Nwoye, ɗan farin Okonkwo, ya sa ƙafa ya bar gidan ubansa ya bi 'yan mishan, har abokin uban ya gamu da shi ya tambaye shi labarin mahaifinsa, yaron ya nuna shi fa ba shi da wani uba. Aji ya kaure da hayaniya. Wannan ya ce ɗan asara ne, wancan ya ce ai ya ɗebe wa kansa albarka. Ni ma ina ta gyaɗa kai, don a kan haka aka raine mu. Can a layin baya sai wani yaro marar yawan magana, wanda kullum kansa a sunkuye yake, ya ɗaga hannu a hankali. Ya ce, "Malam, to shi uban, babu wanda zai tambaye shi?"

Aka yi tsit. Har aka kaɗa ƙararrawa ban ba shi amsa ba. Amsar nan ce nake so in gwada bayarwa yau, ko da ta zo a makare.

An haifi Achebe a Ogidi, cikin jihar Anambra ta yanzu, a 1930, ya rasu a Amurka a 2013. Littafin ya fito a Landan a 1958, lokacin marubucin yana ma'aikacin gidan rediyon Najeriya a Legas, wato ɗan'uwanmu ne a wannan sana'a ta magana. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 50. Manyanmu da ba su karanta ba, da yawa sun kalli wasan da NTA ta nuna a 1987, inda Pete Edochie ya fito a Okonkwo, da zare ido da muryar nan tasa mai kauri.

Kafin mu taɓa ɗan, mu fara da kakan. Mahaifin Okonkwo, Unoka, mutum ne mai sanyin hali, mabushin sarewa, mai son nishaɗi, wanda ba ya iya ganin jini. Bashi ya yi masa katutu, har zane yake yi da alli a jikin bango don lissafin masu binsa. Ya mutu bai riƙe ko da muƙami ɗaya na gargajiya ba, a al'ummar da ke auna namiji da rumbun doyarsa da muƙamansa. Tun Okonkwo yana yaro wani abokin wasansa ya goranta masa, ya kira ubansa da kalmar da ke nufin mace, kuma take nufin namijin da bai taka matsayin komai ba. Wannan gori bai taɓa fita daga ransa ba. Ya ɗaura ɗamarar ƙin duk abin da ubansa yake so. Yana shekara 18 ya kayar da gagarabadan ɗan kokawar da ya shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ya je wurin wani attajirin manomi, Nwakibie, ya karɓo irin doya 800 ya noma bisa sharaɗin a raba amfani. Ya tara mata uku, ya cika rumbuna, ya yi suna a ƙauyuka tara na Umuofia.

Ku lura da wannan, jama'a. Ɗan da ya fara juya wa ubansa baya a littafin nan, Okonkwo ne da kansa. Sai dai shi al'umma ta tafa masa, domin abin da ya ƙi a jikin ubansa, su ma sun ƙi shi.

To sai Allah ya ba shi ɗan fari mai kama da wancan uban da yake gudu. Nwoye yana shekara 12 uban ya riga ya yanke masa hukuncin ragwanci. Yaro ne da ya fi son tatsuniyoyin mahaifiyarsa, na kunkuru da tsuntsaye, a kan labaran yaƙi da sare kawuna da uban ke ba su a turakarsa. Ya gane cewa in ya nuna yana jin daɗin labarin jini ba a dukansa, sai ya koyi nuna hakan. In suna gyaran irin doya, uban na tsaye a kansa, wannan ka yanka da girma, wancan ka yanka ƙarami, har da barazanar karya masa muƙamuƙi. Marubucin ya nuna mana cewa a zuci Okonkwo ya san yaron bai kai ya ƙware a wannan aiki ba. Ya sani sarai. Amma a wurinsa nuna ƙauna rauni ne, kuma rauni shi ne Unoka.

Sai ga Ikemefuna. Yaro ne da garin Mbaino ya bayar diyya, saboda an kashe wata matar Umuofia a kasuwarsu. Aka damƙa shi amana a hannun Okonkwo, ya shekara uku a gidan. Ya iya sassaƙa sarewa da gora, ya iya ɗana tarko, ya san sunayen tsuntsaye, ga shi da bakin ba da labari. Nwoye ya samu wa. A karon farko ya ga ashe ana iya zama namiji ba tare da an zama abin tsoro ba. Ya fara buɗewa, ya fara son aikin maza, uban ma ya ji daɗi a ɓoye. Shi kuwa baƙon yaron har ya saba da kiran Okonkwo baba.

Ranar da abin bautar garin ya yanke cewa a kashe Ikemefuna, dattijo mafi tsufa a unguwar, Ezeudu, ya tako har gida ya ja Okonkwo gefe, ya gargaɗe shi kada ya sa hannu, tunda yaron uba ya ɗauke shi. Aka ce wa yaron gida za a mai da shi. Nwoye ya ji, ya fashe da kuka, uban ya lakaɗa masa duka. Aka ɗora wa Ikemefuna tulun bammi a ka, aka shiga daji a jere. Da sara na farko ya sauka, tulun ya faɗi ya fashe, yaron ya ruga wurin wanda yake kira baba yana neman ceto. Okonkwo ya zare adda ya ƙarasa shi, don kada a ce ya ji tsoro.

Akwai wani ɗan wuri bayan wannan da ɗalibai kan wuce shi da sauri, ni kuwa duk lokacin da na zo kansa sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Okonkwo ya kwana biyu bai sa abinci a bakinsa ba. Idanunsa sun yi jawur, barci ya ƙaurace masa. A cikin wannan hali, wa ya aika a kira masa? Nwoye. Ya ce ya zo ya zauna kusa da shi. Ga uba yana cikin ƙunci, yana son ɗumin ɗansa, amma bakinsa bai san yadda ake faɗin haka ba. Ga ɗa a zaune a takure, yana satar kallon hannun da ya san abin da ya aikata. Ba wanda ya ce uffan. Da yaron ya ga uban ya fara gyangyaɗi, sai ya sulale ya fice.

In kun tambaye ni yaushe Nwoye ya bar gidan ubansa, wannan ranar zan nuna muku. Gangar jikinsa ta ci gaba da kwana a gidan shekaru bayan haka, yana zuwa gona, yana gaisuwa, yana cin tuwon gidan. Amma yaron ya riga ya tafi, kuma ba wanda ya lura.

Dama yana ɗauke da wata tambayar tun kafin nan. Wata rana suna dawowa daga gona da kwandunan doya, ya ji kukan jariri a cikin kurmi, matan da ke tare da su suka yi gum suka ƙara sauri. Tagwaye ne aka zuba a tukwane aka yar, don a al'adar wurin a wancan zamani haihuwar tagwaye abin ƙi ce. A nan sai in ja hankalinmu, kada wani ya gyara zama ya ce ai ka ji halin mutanen. Achebe bai rubuta littafin nan don ya tozarta Ibo ba. Ya rubuta shi ne don ya nuna wa Turawan da ke cewa Afirka ba ta da tarihi cewa mutanen nan suna da shari'arsu, da makon zaman lafiya da ba a ko ɗaga murya a cikinsa, da ladabin fasa goro, da karin magana mai zurfi. Kuma a cikinsu akwai masu tambaya, irin su Obierika, aminin Okonkwo, wanda ya ƙi bin masu kisan, ya kuma faɗa wa abokinsa gaskiya ido da ido. Kowace al'umma tana da abin da in yaro mai hankali ya tambaya, manya sai su ƙara sauri. Mu ma muna da namu.

'Yan mishan sun zo ne lokacin Okonkwo yana zaman gudun hijira na shekara bakwai a Mbanta, garin kawunnansa, bayan bindigarsa ta fashe a wurin jana'iza ta kashe wani yaro bisa kuskure. Wa'azinsu bai shiga kan Nwoye ba, marubucin ya bayyana haka ƙarara. Waƙarsu ce ta taɓa shi, don ya ji kamar tana magana a kan tagwayen nan da kuma Ikemefuna. Su ne mutanen farko da suka yi kamar sun ji tambayar da ke cinsa. Da labari ya kai wa uban an ga ɗansa a cikinsu, ya shaƙe shi a wuya, ya ɗauki sanda ya rufe shi da duka, sai da Uchendu, kawun Okonkwo, ya daka masa tsawa ya sake shi. Nwoye ya fita bai waiwayo ba. Ya zama Isaac, aka tura shi makarantar horon malamai. Okonkwo ya tara sauran 'ya'yansa maza biyar ya shaida musu cewa wancan ya fita daga cikinsu.

Shi kansa Achebe ɗan irin wannan gida ne. Mahaifinsa, Isaiah, yana cikin waɗanda suka fara karɓar Kiristanci a yankinsu, ya yi aikin koyarwa da wa'azi a ƙarƙashin mishan ɗin CMS, alhali kawun da ya raine shi ya tsaya a kan addinin gargajiya. Shi ya sa bai ɗauki ɓangare da arha ba. Dubi abin da ya yi a littafinsa na biyu, No Longer at Ease, na 1960. Nwoye ya tsufa, ya zama malamin coci mai tsauri. Ƙungiyar 'yan garinsu ta haɗa fam 800 ta tura ɗansa Obi Ingila ya karanto lauya, ya je ya karanto Turanci. Ya dawo ya ce zai auri wata yarinya, Clara, wadda ta fito daga zuriyar da ake kira osu, waɗanda aka keɓe wa abin bauta tun kakanni, ba a aurensu. Wa ya tare hanya? Isaac. Mutumin da ya bar ubansa saboda zaluncin al'ada, wanda ko jana'izar uban ya ƙi zuwa, shi ne ya zauna yana roƙon ɗansa kada ya jawo wa zuriyarsu abin gori. Wanda ya taɓa zama a wurin binciken asali kafin aure a ƙasar Hausa, ya ji ana raɗa cewa ai kakanta bawa ne, ko gidansu mahauta ne, ya san wannan zance ba baƙo ba ne.

Kaka, da uba, da ɗa, da jika, kowanne ya gudu daga na gabansa, kowanne kuma ya tarar da shi yana jiransa a gaba.

A namu adabin, ɗa namiji ba kasafai yake fito-na-fito da ubansa ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ya fitar da Alhaji Imam duniya shi ne ya wanke mutumin da ya riƙe shi kamar uba daga kunyar da aka ba shi a fada. A Magana Jari Ce, Musa ɗan sarki yana ta ɗokin ya karya umarnin ubansa ya bi sahun yaƙi, aku ya yi ta riƙe shi da labari har gari ya waye. Ku duba dabarar: da hira aka tsare yaron, ba da sanda ba. Da aka zo zamanin littattafan soyayya na Kano, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu, masu cewa a'a yawanci 'ya'ya mata ne, a kan auren dole da hana karatu. Na ɗa namiji da ubansa mun fi barinsa a rufe. Sai dai rashin rubuta shi bai hana shi faruwa ba. A tasha ake ganinsa, inda samari ke barin gida bayan an gama girbin gero da riɗi.

Muna da karin maganar da muke fakewa da su. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Duk gaskiya ne, kuma ban zo in rushe ko ɗaya ba. Gado abu ne mai daraja. Maƙeri da majemi da wanzami da suka koya a gaban iyayensu sun fi ɗan haye sanin sirrin sana'a. Amma mai tanƙwara icce yana sauraron iccen a hannunsa, ya san inda in ya ƙara ƙarfi zai ji ƙas. Kuma ƙin da ake nufi a karin maganar, hana yaro sangarta ne. Da yawanmu mun mai da shi ɗaure fuska na shekara ashirin.

Ga kuma alkunyar ɗan fari, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a gidajenmu na Hausawa da Fulani. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa. Al'ada ce mai kyan asali, kawaici ne da kunyar surukai, kuma a gidan gandu na da tana da abin da ke cike gurbinta: kaka na nan, baffa na nan, goggo na nan, su ne masu jan yaron a jiki, su ne masu jin kukansa su kai wa uban. Ko Okonkwo, Uchendu ne ya ɓamɓare hannunsa daga wuyan ɗansa. Yau mutum ya kama haya a Takur ko ya yi gininsa a bayan gari, daga shi sai matarsa sai 'ya'ya. Kunyar ta biyo mu birni, kaka da baffa suna ƙauye. Abubakar Adam Ibrahim ya taɓo wannan ciwo a littafinsa Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, inda wata uwa take rayuwa da nadamar ɗanta na fari da al'ada ta hana ta nuna masa so a fili har ya bar duniya.

Kada wani matashi ya ji wannan sharhi ya ce Malam ya ba mu lasisi. Ban bayar ba. Abin da Nwoye ya yi na shafe ubansa daga rayuwarsa, har ya ƙi zuwa binne shi, ban yaba ba, kuma addininmu bai yarda da shi ba. A Suratu Maryam, saɓanin da ke tsakanin Annabi Ibrahim, alaihis salam, da mahaifinsa ya fi na kowa girma, tunda na tauhidi da shirka ne. Duk da haka sau huɗu a jere yana kiransa da lafazin ya babana, kuma da uban ya yi masa barazanar jifa, sallama ya mayar masa, da alkawarin nema masa gafara. Suratu Luƙman ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa. Ana iya cewa a'a a durƙushe. Sai dai mu iyaye mun haddace wannan ɓangare mun bar ɗayan. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba. Sau nawa muka ji an ja wannan hadisi a wurin da ake yi wa yara faɗan biyayya?

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, yaron da aka rufe wa baki a gida, tambayarsa ba ta mutuwa. Yana yawo da ita har ya gamu da mai saurarensa. A Mbanta 'yan mishan ne. A nan, wani ya yi sa'a ya faɗa hannun malamin kirki ko ubangidan sana'a mai tsoron Allah. Wani kuwa mai sayar da ƙwaya ne zai fara ce masa sannu. Wani ɗan siyasa ne mai neman 'yan rakiya. Wani mai wa'azin da zai gaya masa ubansa ma ba Musulmi ba ne, kuma Arewa ta ga inda wannan hanya take kaiwa. Wani dillalin hanyar Agadas. Duk cikinsu ba wanda ya fi uban son yaron. Sun dai riga shi tambayarsa me ke damunsa.

Yaron nan na layin baya ya gama makaranta. Mahaifinsa, mai sayen hatsi ne da riɗi, ya shirya masa komai: zai zauna a rumfa, an kuma tsayar masa da 'yar baffansa. Shi kuwa aikin lantarki yake so, haɗa wutar sola. Ban ji an ce ya ɗaga murya ba. An dai ce masa in ya tsallake bakin zauren nan, babu shi babu gidan. Ya tsallake. Fatakwal ya tafi, kuma duk sallah yakan kira ni mu gaisa.

Bayan shekara shida na shiga kasuwar Shuwarin, sai na ji an ce, "Malam, ba a tsayawa?" Uban ne, a kan buhu, gemu ya yi fari fat. Ya sa aka kawo mini ruwa. Muka yi zancen damina, muka yi na farashin riɗi, muka yi na tsadar taki. Na yi sallama har na miƙe, sai ya kama bakin rigata. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Wannan ɗalibin naka," ya ce, "ko kana jin ɗuriyarsa?"

Na ce, "Ina ji, Alhaji. Yana lafiya. Har ya buɗe shagonsa, da yara biyu a ƙarƙashinsa suna koyo."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya laluba aljihu ya fito da 'yar ƙaramar wayarsa, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya miƙo mini. Na shigar da lambar. Na ce, "Da wane suna zan ajiye?" Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Alhajin aka sa masa, bakinsa bai taɓa furta shi ba.

Ya ce, "Sa Mai Sunan Malam."

Na sa, na ba shi. Ya mayar aljihu, ya dafe wurin da tafin hannu. Na yi taku kaɗan sai ya sake kirana.

"Malam, su can, da ƙarfe nawa suke tashi daga aiki?"